Ranar da Gaɓar Dama Ta Koma Hagu

Har yanzu akwai masu cewa ƙanena Sarwat ne ya ƙona masarar mutanen gaɓar dama. Ranar Talata a kasuwa na ji wata tana faɗa, tana zaɓen tumatir, ba ta san ina tsaye a bayanta ba. To bari in rubuta yadda aka yi, tunda ina wurin, kuma da hannuna aka buga takardar da ta jawo fitinar.

Sarwat shekararsa arba'in da ɗaya. Ni na raine shi, don na girme shi da shekara goma sha ɗaya, uwarmu kuma kullum tana gona. Tun yana ƙarami yake da in'ina. In kuna zaune ku biyu kuna shan shayi ba za ka ji komai ba, amma da an taru an zuba masa ido, harafi ɗaya sai ya tsaya masa a maƙogwaro ya ƙi wucewa. Ina jin abin da ya haɗa shi da kwamfuta ke nan, ita ba ta ƙarasa wa mutum magana. Ya yi difloma a Fayyum, ya tafi Alƙahira, ya shekara bakwai a wani kamfani mai gina shafukan intanet. Aikin da kowa ke gudu shi aka ɗora masa. Samari su tsara shafi, ya buɗe tsaf a sababbin kwamfutocinsu, su tafi cin abinci. Washegari wani ofis ya bugo waya ya ce a wurinsu hoto ya hau kan rubutu, maɓallin aikawa ya faɗa can ƙasa ba a ganinsa. Sai a ce a ba Sarwat. Ya taɓa yi mini bayani: burauza, wato abin da ake buɗe shafi da shi, tsohuwa da sabuwa ba magana ɗaya suke ji ba. Akwai umarnin da sabuwa ke ganewa, tsohuwa ta tsallake shi kamar ba a rubuta ba, don haka dole a rubuta wa tsohuwar nata daban a ƙasa. Da wannan ya ci abinci shekara bakwai. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da babanmu, ya tattaro ya dawo ƙauye. Yanzu da safe yana koyar da kwamfuta a makarantar gaba da firamare, da yamma ya gyara wa masu kantin magani shafukansu.

Ni kuwa shekarata goma sha tara ina buga takardu a ofishin ƙungiyar masu ban ruwa ta garinmu. Magudanarmu ɗaya ce, ƙofa biyu: kwana biyar ruwa na gaɓar dama, kwana biyar na gaɓar hagu. Duk farkon zango injiniyan gunduma ya aiko da ranaku, Sarwat ya ɗora su a shafin ƙungiya, manoma su duba a wayoyinsu, ni kuma in buga kwafi ɗaya in miƙa wa Ammu Mitwalli mai ƙofar ruwa. Shi ba ya riƙe irin wannan waya. Shekara talatin da ɗaya yana murɗa ƙofofin nan, takarda yake bi.

Jadawalin jeri biyu ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, sunayen gaɓoɓin biyu a samansu. Sunayen ba rubutun kwamfuta ba ne. Shugabanmu Ustaz Fikri ne ya ce sai dai a sa rubutun hannu mai ado, ya sa wani tsohon malamin makaranta ya zana, aka ɗauki hoto guda ɗaya aka liƙa a sama, dama a dama, hagu a hagu. A watan Mayu Sarwat ya sabunta shafin, saboda manoma suna ta ƙorafin sai sun ja shi da yatsa kafin su ga jeri na biyu a waya.

Ana jibi Babbar Sallah na buga jadawalin rani, na ba Ammu Mitwalli, na tafi Bani Suwaif wurin 'yata. Ranar Sallah da asuba ya buɗe wa gaɓar hagu. Wayoyin mutanen dama kuwa sun ce ranar tasu ce. Suka same shi a bakin ƙofa da kayan Sallarsu, ya nuna musu takarda, suka nuna masa waya. Ya ce shi bai san waya ba, a kawo masa wata takardar daga ofis. Ofis a kulle. Ustaz Fikri yana Iskandariya yana shan iskar teku, ya kashe wayarsa. Ni kuma ba wanda ya kira ni, don wa ke tunawa da mai buga takarda. Mutanen hagu su ma suna da wayoyi, sun ga abin da ke ciki sarai, amma suka ja bakinsu suka sha ruwa kwana biyar, har suka zaunar da mazajensu a bakin ƙofa da sanduna, wai tsaron doka suke yi. Masarar dama sati uku da fitowa, ga zafin Yuni. Ganye ya nannaɗe.

Rana ta shida na iso ofis na tarar da Ammu Mitwalli a kan bencin baranda, hannuwansa a kan gwiwa ba komai a cikinsu. Ƙarfen murɗa ƙofa, wanda ban taɓa ganinsa ba tare da shi ba, yana kan teburin Ustaz Fikri. An sa taro bayan la'asar: a kore shi, a kuma rubuta ƙara zuwa ga 'yan sanda. Hujjarsu ita ce 'yarsa Samiha tana aure a gaɓar hagu, wai surukansa ne suka kai takardar wani shago a garin Itsa aka juya musu ranakun. Ƙofofin kuwa duka biyu a rufe, ba wanda ya yarda ɗan wani ɓangare ya taɓa ƙarfen.

Na shiga na ce, "Ustaz Fikri, ni na buga takardar nan."

"Daga ina kika buga ta, Ummu Hani?"

"Daga shafi mana. Daga kaina zan bugo ta?"

Ya juyo mini laftop ɗinsa. "Ga shafi. Karanta."

Na karanta. Ranar Sallah ta gaɓar dama ce.

"To kin gani. In daga shafi kika buga, takardar da ke hannunsa ba taki ba ce. Kin karanta kafin ki ba shi?"

Ban karanta ba. Gaskiya ke nan. Ina sauri kada motar Bani Suwaif ta cika, na ciro ta da zafinta na ninke na miƙa masa.

Na kira Sarwat. Ya zo a kan babur ɗinsa kafin goma da rabi, ya gaida Ammu Mitwalli, ya karɓi takardar. Ya duba wayarsa, ya duba tawa, ya duba laftop ɗinsa. Duk daidai. Ya ɗaga takardar sama yana duban tawada, akwai wani farin layi da firintarmu ke ja a tsakiyar kowace takarda, ga shi nan. Ya nuna wa Ustaz Fikri, shi kuma ya ce in an yi hoton takarda ai da layinta ake yi.

Sarwat ya juyo wurina. Abla yake kirana, wato yaya. "Abla, da wace kwamfuta kika buga?"

"Da Hajiya mana."

Hajiya ita ce tsohuwar kwamfutar da ke ɗakin ajiya. Mun sa mata sunan ne don in ka tashe ta sai ta gama salati da miƙa kafin ta kula ka. Igiyar firintarmu ba ta shiga kowace kwamfuta sai ita. Sau uku ina rubuta takardar neman sabuwa, sau uku Ustaz Fikri yana cewa wadda ke aiki ba a canza ta.

Muka shiga ɗakin. Sarwat ya danna maɓalli, fankarta ta fara kuka, fuskar kwamfutar ta yi haske. Sai aka ɗauke wuta. Sha ɗaya daidai. A lokacin kullum sai sun ɗauke awa biyu, wani lokaci uku in sun ga dama.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da buhunan takin da aka ajiye mana, ya ɗora laftop a cinya, ya buɗe rubutun da ke bayan shafin, layi-layi kamar tururuwa. Ni ina tsaye ina fifita da fayil. Ta taga ina ganin mutanen dama sun fara zuwa, bibbiyu, uku-uku, suna zama a inuwar bango. Hajji Abdulmaujud, babbansu, ya zo ya wuce Ammu Mitwalli bai yi masa sallama ba. Tare suka yi makarantar allo.

Wajen sha biyu da rabi na lura yatsun Sarwat sun daina motsi.

"Mene ne?"

"Rufe ƙofa, Abla."

Na rufe. Ya nuna mini kalma ɗaya ta Turanci da farcensa. Ya ce ma'anarta hagu. Da yana sabunta shafin ya rubuta sabon umarni na jera ranakun, sabuwar burauza ta san shafin Larabci ne, sai ta fara daga dama kamar yadda muke rubutu. Umarnin tsohuwa kuwa kwafo shi ya yi daga wani darasi na Turawa, su kuma daga hagu suke fara komai. Hajiya ta tsallake sabon ta bi na ƙasa, ta ɗauki jeri na farko, na mutanen dama, ta ajiye shi a hagu. Hoton sunaye kuma hoto ne, yana nan inda aka liƙa shi.

Na ce, "Ka tabbata?"

"Sai wuta ta dawo. Amma na tabbata."

"Ba ka gwada ba da ka gama?"

"Na zo sau biyu. Na farko babu wuta. Na biyu Ustaz ya tafi da makullin ɗakin, ke kuma ba kya nan. Sai jarrabawar yara ta shigo."

"To shi ke nan. Ka ce Hajiya ce ta tsufa ta rikice. Ƙarya ne? Ba ta tsufa ba? Ka ce na rubuta sau uku."

"Abin da na gaya mata shi ta yi."

"Kai, wa ya sani? A garin nan kaf wa zai iya karanta wannan tururuwar in ba kai ba? Kana da 'ya'ya uku, kana koyar da 'ya'yan mutanen nan. Ka ga sandunan da ke waje?"

Ya rufe laftop don batir ya kusa ƙarewa.

Biyu saura kwata wuta ta dawo. Hajiya ta ɗauki minti tara kafin ta tashi, na ƙirga a agogon bango. Shafin ya riƙa saukowa daga sama kaɗan-kaɗan, hoton sunaye tukuna, sannan ranaku. Ranar Sallah tana ƙarƙashin gaɓar hagu, daidai da takardar Ammu Mitwalli.

Na kira Ustaz Fikri. Ya tsaya ya duba, ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa. Na zaci zai ce alhamdu lillahi. Sai ya rage murya ya ce, "Wa ke da makullin ɗakin nan? Ni da ke. Kina son Hajji ya ce ke kika taɓa ta? Ko kuwa so kike a je gunduma a ce ƙungiya na aiki da kwamfutar da ta lalace? Mitwalli tsoho ne, dama saura shekara biyu ya huta. Mu sallame shi cikin mutunci, ni zan hana maganar 'yan sanda."

"Cikin mutunci? Da sunan ɓarawon ruwa?"

"Ummu Hani, ki sassauta murya."

"Ba zan sassauta ba."

Sarwat ya durƙusa ya fara kwance igiyoyi. Ya ce in nemo masa doguwar wayar wuta.

Bayan la'asar muka fito da Hajiya baranda a kan teburina, muka jawo mata wuta da intanet ta taga. Mutum ya fi sittin a tsakar ofis, na dama a gefe guda, na hagu a gefe guda, an bar fili a tsakiya kamar za a yi kokawa. Ustaz Fikri ya fara dogon jawabi a kan zumunci, Hajji Abdulmaujud ya katse shi ya ce ba wa'azi suka zo ji ba.

Sarwat ya miƙe. Ya buɗe baki ya ce, "Ha... Ha... Ha..." Hajji yake son faɗa. Wuyansa ya kumbura, idonsa ya rufe.

Wani daga baya ya ce, "Ustaz Sarwat, kafin ka gama harafin nan masarar ta zama kara."

Aka yi dariya. Na gane muryar. Na ce, "Sabri, kai da ka yi aji shida sau uku ba wanda ya gaggauta ka. Yi shiru ɗan'uwanka ya gama."

Sarwat ya bar maganar. Ya je ya kama hannun Hajji, abin da ba a yi, ya jawo shi gaban kwamfuta, ya nuna masa ya buɗe shafin a wayarsa ya kara ta kusa da fuskar Hajiya. Hajji ya duba nan, ya duba nan. Ya daɗe.

"Wannan ba ya nuna komai," in ji shi. "Kun wuni kuna shirya ta. 'Yar'uwarka ke da makulli."

"Ka tsaya a nan, Hajji," Sarwat ya ce, a hankali, yana kallon madannai ba mutane ba. In bai ɗaga kai ba maganar tana fita. "Zan canza kalma ɗaya a laftop ɗina. Ba zan taɓa wannan ba. Kai za ka danna."

Ya goge kalmar ya rubuta wadda ke nufin dama. Ya nuna wa Hajji maɓallin da zai danna a Hajiya. Hajji ya danna da babban yatsa kamar mai dangwala takardar zaɓe. Shafin ya ɗauke, ya dawo.

Babu abin da ya canza.

Tsakar ofis ta ɗauki guna-guni, wasu suka miƙe. Wani ya ce a daina wasa da hankalin mutane, a miƙa tsohon ga 'yan sanda. Ammu Mitwalli bai ɗaga kai ba. Gumi yana ɗiga daga haɓar Sarwat a kan madannai. Ya sake duba laftop, kalmar ta canza. Ya sake duba Hajiya. Sai ya dafa goshi.

"Ta a... ajiye na ɗazu a cikinta. Ba ta je ta ɗauko sabo ba." Ya kama yatsun Hajji biyu ya ɗora su a kan maɓallai biyu. "Tare."

Fuskar ta yi fari. Wannan karon ta daɗe, intanet ɗinmu ka san shi. Hoton sunaye ya sauko. Sannan ranaku. Ranar Sallah ta koma ƙarƙashin gaɓar dama.

Hajji ya ce, "Mayar."

Sarwat ya mayar da tsohuwar kalmar, Hajji ya danna, ranaku suka koma hagu. Ya ce a sake. Aka sake. Sau huɗu. Ya kira babban mutanen hagu ya zo shi ma ya danna.

"Kalmar nan," in ji Hajji, "wa ya rubuta ta?"

Na kalli Sarwat na girgiza masa kai. Ustaz Fikri ya soma cewa ai irin waɗannan na'urori, Hajji ya ɗaga masa hannu.

Sarwat ya ɗaga kai ya kalli mutane. "N... n... n..." Ba wanda ya yi dariya. Ya haɗiye ya sake. "Ni ne."

"Yaushe?"

"Mayu."

"Mitwalli ya sani?"

"Bai san ta inda ake kunna ta ba."

"Wani ya sa ka?"

"A'a. Na kwafo ban duba ba. Aikina ne in gwada, ban gwada ba."

Ni na cika sauran, tunda shi ba zai faɗa ba. Na faɗi wutar da babu, na faɗi makullin da aka tafi da shi, na faɗi takarduna uku, na faɗi wayar da aka kashe a Iskandariya. Na juya wurin mutanen hagu na tambaye su ko wayoyinsu ma hutun Sallah suka tafi. Na kuma faɗi cewa ni ban karanta takardar ba. Hajji ya bar ni na gama, amma ba ni yake kallo ba.

Ya shiga ofis da kansa ya ɗauko ƙarfen. Bai miƙa wa Ammu Mitwalli a hannu ba, bai kuma ce yi haƙuri ba. A kan benci ya ajiye shi kusa da cinyarsa. "Tashi ka buɗe mana, Abu Samiha."

An yi kusan awa ɗaya ana cacar baki kafin mutanen hagu su yarda su bar wa dama kwana biyar masu zuwa, waɗanda a shafi nasu ne. Na buga sabuwar takarda, na karanta ta da ƙarfi rana-rana, Ustaz Fikri ya sa hannu. Ammu Mitwalli ya ninke ta, ya saɓa ƙarfensa, ya fita ta tsakiyar filin da aka bari. Maganar kora da ta 'yan sanda ba wanda ya sake tayar da ita. Kafin a watse kuma Ustaz Fikri ya sanar cewa ƙungiya ta karɓe shafin daga hannun Sarwat. Wannan kaɗai ya yanke da sauri a duk ranar.

Hajji ya tsaya a kan ƙanena yana naɗe igiyoyi. "Gobe bayan asuba ka same ni a bakin magudana. Ka zo da takalmin da ba ka so."

Na ce ba inda zai je. Ya je. Hajji ya zaga da shi gona-gona tun daga ƙofa har wutsiyar magudana, inda ruwa ke isa a ƙarshe. Na sama sun farfaɗo. Gonaki bakwai na can ƙasa ba abin da ruwa zai yi musu, sai dai a sake shuka. A kowace gona Hajji ya faɗa masa sunan mai ita, ya sa shi ya durƙusa ya taɓa ganyen. Ɗaya ta Sabri ce. Ɗaya ta wata bazawara ce mai yara huɗu, biyu daga cikinsu ɗalibansa ne.

Ya dawo wajen sha ɗaya, laka har gwiwa. Matarsa ta ajiye masa wake da burodi bai taɓa ba. Ya tambaye ni ko fartanyar babanmu tana nan. Na ce tana bayan ƙofar ɗakin awaki, ƙotar ta yi sako-sako. Ya ce zai gyara, jibi ake sake shuka a wutsiya.